Tambayoyi da amsoshi kan yadda databes ke ƙirga canjin da ya shiga tebur, da lokacin da ƙididdiga ke kwana

Waɗannan tambayoyin kusan su ne dai ake ta yi min duk lokacin da wata kuweri, wato tambayar da ake tura wa databes, da jiya take gudu kamar walƙiya yau ta zama sai ka je ka dawo bata gama ba, alhali babu wanda ya taɓa kod ɗin. Na tattara su wuri ɗaya, wasu amsoshin dogaye ne wasu layi biyu sun ishe su.

Wai mece ce wannan ƙididdigar da ake ta cewa ta tsufa?

Toh, duk lokacin da ka tura SELECT, databes bata fara aiki kai tsaye, akwai wani sashe da ake kira oftimaiza wanda zai zauna ya duba hanyoyin da za a iya bi a kawo maka amsa, a bi ta indeks (jerin da ke saurin nuna inda layi yake) ne ko a karance teburin gaba ɗaya, wane tebur za a fara ɗauka idan akwai JOIN, wato haɗa tebura, a haɗa su ta hash ne ko ta nested loop, inda kowane layi na wannan tebur sai an leƙa masa wancan. Shi kuma wannan oftimaizan baya buɗe teburin ya ƙirga, bashi da wannan lokacin, wani ɗan taƙaitaccen bayani yake dubawa da aka ajiye masa tun can baya: layuka nawa ne a teburin, kwalam kaza tana da ƙimomi daban-daban guda nawa, wacce ce mafi ƙanƙanta wacce ce mafi girma, NULL wato gurbin da babu komai nawa ne, wace ƙima ce ta fi yawan maimaituwa, sai kuma histogiram mai nuna yadda bayanan suka bazu. Wannan taƙaitaccen bayanin shi ne ƙididdiga. Dabarar ta daɗe, tun 1979 Patricia Selinger da abokan aikinta a IBM suka rubuta yadda System R ke zaɓar hanya ta hanyar lissafin tsada, kuma har yau kusan kowa a kan wannan turbar yake.

Matsalar ita ce ƙididdigar hoto ce da aka ɗauka rana ɗaya. Teburin yana ta canzawa, hoton yana nan yadda yake. Idan suka yi nisa da juna sai mu ce ta kwana.

To ta yaya databes ke gane cewa ta kwana, tunda bata sake ƙirga teburin ba?

Da kawunta, wato ma'ajin ƙirga canji. Duk INSERT ko UPDATE ko DELETE da ya wuce, injin yana ƙara lamba a wani ɗan ma'ajin da ke cikin memori, wato layi kaza sun canza a tebur kaza tun bayan ƙididdigar ƙarshe. Idan lambar ta haye wani mizani sai a sa wa teburin alamar yana buƙatar sabuwar ƙididdiga, idan aka tattara sabuwa sai kawunta ta koma sifili a sake farawa. Shikenan dabarar, babu wani sihiri.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran amsoshin a kansa suke rataye, shi ne kawunta adadin layukan da aka taɓa kawai ta sani. Bata san ko siffar bayanan ta canza ba. Kana iya sabunta layi miliyan goma siffar bata motsa ba ko kaɗan, kana iya ƙara layi dubu biyar kacal su rikita komai.

A ina zan ga wannan kawuntar da idona?

Ya danganta da injin da kake kai.

A PostgreSQL ka duba pg_stat_user_tables, kwalam ɗin da kake nema ita ce n_mod_since_analyze wadda ta shigo a siga ta 9.4, kuma a gefenta zaka ga last_analyze da last_autoanalyze, na farko lokacin da mutum ya yi da hannunsa na biyu lokacin da autovacuum, wato aikin gyaran da ke gudu da kansa a bayan fage, ya yi. Akwai kuma n_tup_ins da n_tup_upd da n_tup_del amma su basa komawa sifili bayan ANALYZE, wato umarnin tattara sabuwar ƙididdiga, tarawa kawai suke yi, mutane da yawa nan suke ruɗewa.

A Oracle sunanta DBA_TAB_MODIFICATIONS, ko USER_TAB_MODIFICATIONS idan naka teburan kawai kake iya gani. Tana da INSERTS da UPDATES da DELETES kowanne daban, da TIMESTAMP, da TRUNCATED mai gaya maka ko an share teburin kaf. Idan kuma hukuncin kawai kake so ba lissafin ba, DBA_TAB_STATISTICS tana da kwalam STALE_STATS mai cewa YES ko NO.

A SQL Server akwai sys.dm_db_stats_properties, ka bata lambar tebur da lambar ƙididdiga ta dawo maka da last_updated da rows da rows_sampled da modification_counter. Tsofaffin hannu zasu tuna rowmodctr na cikin sysindexes, dan Allah a bar shi ya huta.

A MySQL da InnoDB, ka duba MODIFIED_COUNTER a cikin INFORMATION_SCHEMA.INNODB_TABLESTATS, ita kuma ƙididdigar kanta tana zaune a mysql.innodb_table_stats da mysql.innodb_index_stats.

Canji nawa ne ake jira kafin a sabunta?

PostgreSQL: layi 50 a haɗa da kashi 10 cikin ɗari na teburin. Na farkon shi ne autovacuum_analyze_threshold na biyun autovacuum_analyze_scale_factor wanda yake 0.1. Kenan tebur mai layi 1,000 zai samu ANALYZE bayan canji 150, kuma autovacuum yana leƙowa kowace databes kusan duk minti ɗaya.

Oracle: kashi 10, ana ce masa STALE_PERCENT, sai dai shi baya tashi nan take, jira yake sai tagar gyara ta buɗe, wadda idan baka taɓa ta ba ranakun aiki daga ƙarfe 10 na dare ne na tsawon awa 4, Asabar da Lahadi kuma daga 6 na safe na tsawon awa 20.

InnoDB ma kashi 10 ne in dai innodb_stats_auto_recalc na kunne, a bayan fage yake yi, kuma yakan ɗan jinkirta na wasu daƙiƙoƙi.

SQL Server ne mai labari. Shekaru da yawa dokarsa ita ce 500 a haɗa da kashi 20 ga duk teburin da ya wuce layi 500, kashi 20 fa, kaga tebur mai layi miliyan ɗaya sai an taɓa 200,500 kafin ya motsa. Daga siga ta 2016, in dai databes ɗin tana matakin dacewa na 130 ko sama, sai ya koma ɗaukar wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin wancan lissafin da tushen murabba'in abin da ya fito in an ninka adadin layuka sau 1,000, sai wancan teburin mai miliyan ɗaya ya dawo kusan 31,622. Kafin 2016 sai ka kunna wani maɓalli na musamman, trace flag 2371, kake samun wannan. Sannan shi SQL Server baya sabuntawa don kawai kawunta ta cika, sai ranar da wata kuweri ta zo tana buƙatar wannan ƙididdigar, lokacin ne zai tsayar da ita ya sabunta sannan ya ci gaba, sai dai in ka kunna AUTO_UPDATE_STATISTICS_ASYNC, shi kuma a nan kuwerin farko zata tafi da tsohuwar ne a gyara wa na baya.

Teburina babba ne sosai kuma na ga rabon da a yi masa ANALYZE wata biyu kenan. Wani abu ya lalace ne?

Mai yiwuwa babu abin da ya lalace, lissafin ne kawai yake maka haka. Ɗauki tebur mai layi miliyan 200 a PostgreSQL, kashi 10 ɗinsa miliyan 20 ne da ɗoriyar 50, in kana zuba masa layi 300,000 kullum sai ka yi kusan kwana 67 kafin kawunta ta kai. Duk tsawon wannan lokacin autovacuum yana zuwa yana dubawa yana cewa lafiya lau yana wucewa, kuma bisa dokar da aka bashi gaskiyarsa ne.

Ita dokar kashi cikin ɗari an yi ta ne da tunanin cewa canji yana bazuwa ko'ina a teburin daidai wa daida, to a manyan tebura ba haka abin yake ba, sabbin layuka duk a gefe ɗaya suke taruwa wato na yau da na jiya da na shekaranjiya, kuma abin haushin su ɗin ne dai kowa ke nema. Babu mai tambayar odar shekara huɗu da suka wuce sai mai binciken kuɗi sau ɗaya a shekara, amma odar yau ana tambayarta sau dubu a awa. Kenan ɓangaren da ƙididdiga ta fi jahilta shi ne ɓangaren da aka fi buƙata.

Maganin shi ne ka daina barin babban tebur a kan mizanin kowa da kowa. A PostgreSQL da ALTER TABLE zaka iya sa wa teburin shi kaɗai autovacuum_analyze_scale_factor na 0.01 ko ma ƙasa, wasu ma sifili suke sawa sai su ɗaga threshold ɗin zuwa wata tsayayyar lamba kamar 100,000 don abin ya daina dogara da girman teburin kwata-kwata, ni ma na fi son wannan ga teburan da kullum ƙaruwa suke. A Oracle tun siga ta 11g akwai DBMS_STATS.SET_TABLE_PREFS da zaka rage STALE_PERCENT na tebur guda. A SQL Server da MySQL babu irin wannan maɓallin na tebur ɗaya-ɗaya, don haka sai dai ka tsara aikinka da zai riƙa kiran UPDATE STATISTICS ko ANALYZE TABLE a kan lokaci.

Mene ne wannan matsalar kwanan wata da kake ta zagayawa?

Bari in buɗe ta. A ce kana da kwalam ta ranar da aka yi oda, an tattara ƙididdiga ranar 1 ga wata, histogiram ya rubuta cewa rana mafi girma a teburin ita ce 1 ga wata. Yau 9 ga wata sai kuweri ta zo tana neman odar 8 ga wata, oftimaiza ya duba ya ga wannan ranar ta wuce ƙarshen abin da ya sani, sai ya ce ai babu komai a can ko kuma layi ɗaya ne, tunda layi ɗaya ne bari in yi nested loop in leƙa ɗaya teburin sau ɗaya. Ashe layi 300,000 ne, sai leƙen nan ya zama sau 300,000. Wallahi na taɓa kwana a kan irin wannan, rahoton da yake fita cikin daƙiƙa biyar ya koma minti arba'in, muka zargi diski muka zargi netwok muka zargi wanda ya yi canji na ƙarshe a kod, can wajen asuba wani ya ce a gwada sabunta ƙididdiga, minti ɗaya bai cika ba komai ya dawo daidai, kunya ta ishe mu.

Injinan sun san da matsalar kuma kowanne da ɗan dabararsa. Tsohon mai hasashen SQL Server layi ɗaya yake cewa kai tsaye, shi ya sa aka kawo trace flag 2389 da 2390, sabon da ya zo a 2014 kuma ya daina ɗaukar cewa wajen histogiram fanko ne. Oracle yana rage hasashen ne a hankali, iya nisan ƙimar daga iyakar da ya sani iya ƙanƙantar lambar da zai bayar. PostgreSQL in akwai indeks a kan kwalam ɗin yakan leƙa ƙarshen indeks ɗin ya ga ainihin ƙima mafi girma a yanzu. Duk suna rage zafi, amma babu wanda ya kai sabuwar ƙididdiga.

Na yi INSERT yanzun nan amma kawunta bata motsa ba.

Ka ɗan jira. Lambobin a memori suke fara taruwa, ba kowane canji ake rubutawa nan take ba don kar ƙirgan ya fi aikin kansa tsada. A Oracle in kana sauri ka kira DBMS_STATS.FLUSH_DATABASE_MONITORING_INFO. A PostgreSQL sai tiransakshan ɗinka, wato rukunin canjin da ake tabbatarwa da COMMIT ko a fasa da ROLLBACK, ta ƙare tukuna, sannan in kana duba pg_stat_user_tables daga cikin wata buɗaɗɗiyar tiransakshan zaka iya ta ganin lambar da ka fara gani, ka fita ka sake shiga.

In kuma ka jira har ka gaji, duba ko an kashe ƙirgan ne gaba ɗaya: track_counts a PostgreSQL, STATISTICS_LEVEL a Oracle wanda in aka mayar da shi BASIC sa idon ya tsaya. Tun 10g Oracle da kansa yake sa ido a kan tebura, zancen rubuta MONITORING a kan kowane tebur ya wuce.

UPDATE ɗin da na yi ya taɓa layi miliyan amma SQL Server ya ce modification_counter sifili ne, ya aka yi?

Saboda shi ba tebur yake ƙirgawa ba, kwalam yake ƙirgawa, kuma kwalam ta farko a cikin ƙididdigar. In ƙididdigar a kan lambar kwastoma take kai kuma adireshi ka canza, babu ruwanta. Ni a ganina wannan ya fi hankali a kan ƙirga tebur dungurungum, don PostgreSQL da Oracle in kana da wata kwalam irin ta lokacin shiga na ƙarshe da ake sabuntawa kowane minti, kawunta zata riƙa cika tana jawo tattara ƙididdiga alhali babu abin da ya canza a kwalam ɗin da ake bincike da su. InnoDB ma yana kusa da wannan tunanin, UPDATE da bai taɓa kwalam mai indeks ba baya shiga lissafin.

Amma fa ita ma tana da nata ramin: ƙididdiga mai kwalam biyu ko uku, in ta biyun ce ke canzawa, kawunta bata gani.

Idan na yi ROLLBACK, ana cire abin da aka ƙirga?

A SQL Server da Oracle a'a, abin da aka ƙirga an ƙirga, kana iya zuba layi miliyan ka fasa teburin ya koma yadda yake amma a ce ƙididdigarsa ta kwana. A PostgreSQL n_tup_ins zai ƙaru ko ka fasa, layukan kuma su shiga n_dead_tup su jira VACUUM mai share matattun layuka, amma n_mod_since_analyze sai abin da aka yi wa COMMIT yake ɗauka.

Zan iya amfani da waɗannan lambobin in san wa ya canza me, ko in kai rahoto da su?

A'a, kar ma ka fara. Kiyasi ne, takardun Oracle da na PostgreSQL duk sun faɗa da bakinsu cewa lambobin na kusa-kusa ne, basu san wane layi ba, basu san wane mutum ba, kuma suna iya ɓacewa. In kana son sanin ainihin layin da ya canza wannan wani fanni ne daban: Change Tracking da Change Data Capture a SQL Server tun 2008, logical decoding a PostgreSQL tun 9.4, binlog a MySQL, ko teburin tarihi da ka gina da kanka. Sunayen suna kama shi ya sa ake haɗa su, amma ɗaya na oftimaiza ne ɗaya naka ne.

Ka ce suna iya ɓacewa. Yaushe?

Wannan tambayar ta fi yadda ake ɗaukarta muhimmanci, musamman ga masu PostgreSQL. In saba, wato kwamfutar da databes ke gudu a kai, ta faɗi ba a kashe ta ta hanyar da ta dace ba, to bayan ta farfaɗo duk waɗannan kawuntocin sifili suke komawa. Siga ta 15 ta cire tsohon stats collector ta mayar da lambobin cikin memorin da ake rabawa, abin ya yi sauƙi sosai, amma faɗuwa har yanzu tana share su. Haka in wani ya kira pg_stat_reset don yana son ya fara awo daga farko, bai san ya goge wa autovacuum ƙwaƙwalwa ba. Haka kuma in ka juya zuwa saba ta biyu mai kwafi, ita ƙididdigar oftimaiza tana bin kwafin don a cikin tebur take zaune, amma kawuntocin basa bi, sabuwar shugabar zata tashi tana ganin kamar babu teburin da aka taɓa.

Ka lura da abin da hakan ke nufi ga wancan teburin mai miliyan 200: ya yi kwana 60 yana tara canji saura kwana 7 ya samu ANALYZE, sai saba ta faɗi, lissafi ya koma farko, wasu kwana 67 ɗin kuma. Don haka bayan faɗuwa ko juyawa, ANALYZE na databes gaba ɗaya ya kamata ya kasance cikin jerin abin da kake yi, ba sai an fara kuka ba.

Ɗaga siga ma haka. Kafin PostgreSQL 18, pg_upgrade baya ɗauko ƙididdigar oftimaiza sam, zaka tashi da databes cike da bayanai amma oftimaiza makaho, shi ya sa ake cewa ka gudu vacuumdb da zaɓin analyze-in-stages kafin ka buɗe wa jama'a. Siga ta 18 ta fara ɗauko yawancinta.

Akwai teburan da ba a kula da su ko da kawunta ta cika?

Akwai. A PostgreSQL autovacuum baya iya shiga teburin wucin gadi na TEMP don na zaman mai shi ne kaɗai, in ka cika shi da layuka da yawa kuma zaka yi JOIN da shi to ka yi masa ANALYZE da hannunka a cikin wannan zaman. Baya taɓa foreign table, wato teburin da bayanansa ke zaune a wajen databes ɗin. Sannan wanda ya fi cin mutane, tebur mai fatishan, wato wanda aka raba gida-gida: kowane fatishan yana samun nasa ANALYZE amma uwar teburin bata samu, kuma kuwerin da ta ratsa fatishan da yawa da ƙididdigar uwar take aiki, sai kai ka tsara mata.

A MySQL histogiram ɗin da ya zo a 8.0 wanda ake yi da ANALYZE TABLE tare da UPDATE HISTOGRAM, wancan sabuntawar ta kashi 10 bata shafe shi a 8.0, yadda ka bar shi haka zaka same shi. A SQL Server table variable bashi da ƙididdigar bazuwar bayanai ko kaɗan, duk kuma ƙididdigar da aka sa wa NORECOMPUTE an ce kar a taɓa ta ne. A Oracle teburin da aka kulle da LOCK_TABLE_STATS aikin dare tsallake shi yake, kuma sau da yawa wanda ya kulle ya daɗe da barin aikin babu wanda ya san dalili.

Me zai hana in rubuta tiriga, wato kod da ke tashi da kansa duk lokacin da aka taɓa tebur, ta riƙa ƙirga min da kaina?

Zaka iya, amma ka yi tunanin abin da zai faru: kowane INSERT daga kowane mai amfani sai ya je ya sabunta layi ɗaya tak a teburin ƙirganka, kowa ya tsaya layi yana jiran kullen wannan layin har wanda ke gabansa ya yi COMMIT. Injin ya riga ya yi maka wannan aikin a memori kusan kyauta. Abin da ya fi amfani shi ne ka riƙa kwafe lambobin injin zuwa wani teburinka duk awa ko duk dare, bayan wata ɗaya zaka ga wane tebur ne ke canzawa da sauri, wanne ne ke dab da mizani ya kasa hayewa, kuma in kawunta ta koma sifili ba tare da an yi ANALYZE ba zaka gani.

To in sabunta komai da komai kowane dare mana in huta?

In databes ɗinka ƙarama ce, yi abinka, babu laifi. In babba ce akwai kuɗin da zaka biya. Na farko karatun diski, duk da cewa yawanci samfur ake ɗauka ba duka ba, PostgreSQL yana ɗaukar layi 300 sau default_statistics_target wanda yake 100, wato layi 30,000 komai girman teburin, InnoDB shafi 20 kacal yake dubawa a kowane indeks, amma FULLSCAN a SQL Server sunansa ya faɗa maka, teburin duka yake karantawa. Na biyu duk sabuwar ƙididdiga tana sa a sake tsara kuwerin da suka dogara da ita, Oracle ma saboda haka ne yake bin abin a hankali cikin wasu awanni maimakon ya zubar da tsare-tsaren duka lokaci guda. Na uku, wanda ba a cika faɗa ba, sabuwar ƙididdiga bata nufin mafi kyau. Samfur ne, yau ya faɗo nan gobe ya faɗo can, tsarin da ke aiki lafiya shekara guda yana iya juyewa don kawai samfurin daren jiya ya zo da wata siffa.

Kuma a kula da sp_updatestats a SQL Server, ko layi ɗaya aka taɓa zai sabunta, da samfurin da ya ga dama, har yana iya zuwa ya rushe kyakkyawar ƙididdigar da REBUILD na indeks ya gama yi da cikakken karatu awa ɗaya da ta wuce. REORGANIZE na indeks kuwa baya taɓa ƙididdiga, mutane suna ɗauka yana yi.

Lokacin tattarawa ma abin dubawa ne. Teburin da ake cikawa da safe a share da dare, in aikin ƙarfe 10 na dare ya same shi fanko zai rubuta layi sifili, gobe da rana yana ɗauke da miliyan biyu oftimaiza na cewa babu kowa a ciki. Irin wannan teburin a Oracle ko dai ka tattara lokacin da yake cike ka kulle, ko ka goge ƙididdigar ka kulle don dynamic sampling ya riƙa dubawa a lokacin kuweri. Kuma duk aikin da ke zuba bayanai masu yawa lokaci guda, matakinsa na ƙarshe ya zama tattara ƙididdiga, kar ya bar wa kawunta.

Na sabunta sai abin ya ƙara lalacewa. Zan iya komawa ta da?

A Oracle eh, yana ajiye tsofaffin na kwana 31 in baka canza ba, DBMS_STATS.RESTORE_TABLE_STATS zai dawo maka da ta ranar da ka zaɓa, kuma tun 11g kana iya sa PUBLISH ya zama FALSE ka tattara ka gwada a zamanka kai kaɗai kafin ka sake wa kowa. A sauran injinan babu wannan ajiyar ta kai tsaye, abin da zaka yi shi ne ka sake tattarawa da samfur mafi girma, a PostgreSQL ka ɗaga SET STATISTICS na kwalam ɗin da ke bada matsala, yana zuwa har 10,000, a SQL Server ka yi FULLSCAN ka haɗa da PERSIST_SAMPLE_PERCENT don kar sabuntawar gaba ta koma ƙaramin samfur.

Ta yaya zan tabbatar ƙididdiga ce matsalata ba wani abu ba?

Kar ka fara da kawunta, fara da tsarin kuwerin. EXPLAIN ANALYZE a PostgreSQL da MySQL 8.0.18 zuwa sama, actual execution plan a SQL Server, DBMS_XPLAN.DISPLAY_CURSOR da ALLSTATS LAST a Oracle inda zaka ga E-Rows (hasashe) da A-Rows (zahiri) gefe da gefe. Abin da kake nema shi ne wurin da hasashe da zahiri suka rabu, ka fara daga can ƙasan tsarin inda ake karanta tebur, don kuskuren ƙasa shi ke hayowa sama yana ninkuwa. Hasashe 900 zahiri 1,200 ba komai bane. Hasashe 1 zahiri 300,000 ka samo ɓarawon.

Daga nan ne zaka je ka duba yaushe aka tattara ta ƙarshe da abin da kawunta ke cewa. In ka sabunta kuma hasashen bai gyaru ba, to ba kwana ta yi ba, wani abu ne da ƙididdigar kwalam ɗaya bata iya gani, galibi kwalam biyu masu alaƙa kamar ƙasa da birni, oftimaiza yana ninka yiwuwarsu kamar basu san juna ba sai ya fito da lamba 'yar mitsitsiya. Nan sai CREATE STATISTICS a PostgreSQL 10 zuwa sama, ko column group a Oracle, ko ƙididdiga mai kwalam da yawa a SQL Server.

SQLite fa?

Shi babu wani aiki da ke gudu a bayan fage, in baka kira ANALYZE ba sqlite_stat1 ma bazai wanzu ba. Tun siga ta 3.18.0 a 2017 akwai PRAGMA optimize, ka kira shi kafin ka rufe haɗin ko lokaci-lokaci in haɗin mai daɗewa ne, shi zai duba ya ga teburin da ya cancanta ya yi masa.